Kwana Goma Babu Mai a Kan Sudam

Duk wanda ya taɓa hawa benen Tianxiu a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou don a ɗaure masa kaya ya san Sudam, ko da bai riƙe sunansa ba. Kana cewa, "Ba'indiyen nan mai ƙyallin kai," za a ce maka, "Mai man riɗi? Yana nan, hawa na shida." Gajere ne kakkaura, baƙinsa har ya ɗara na wasunmu, ga gashin baki irin na tsohon ɗan sanda. Amma kan shi ne abin kallo. Kullum gashin a kwance yake, an tsaga shi ta gefe, yana ta sheƙi. Abdulgani, wani ɗan Kantin Kwari da ke zaune a nan yana yi wa 'yan kasuwar Kano sayayya, ya sha cewa abu ɗaya ke ba shi haushi da ƙasar Sin, ba a ɗauke wuta, da ya ga ko kan Sudam zai haska ofis.

Sudam ba ya fushi. Sai ya ɗago daga kan kwalin da yake naɗe wa salatif ya ce, "Kai, Abdulgani, mi kake so da ni?" Hausar Maraɗi ce tsantsa a bakinsa, domin a wurin wani dattijo ɗan can, Baba Maidaji, ya koye ta. Baƙon da ya sauka daga Kano yau, ya ji Ba'indiye yana cewa "munka" da "sunka", sai ya nemi wurin zama tukuna.

Daga wata jiha ta gabashin Indiya ya fito, Odisha, kuma ba ya son a yi masa yaren da ake ji a finafinai, ya ce nasu daban ne. Gidansu gidan matsar mai ne tun kaka da kakanni. Yadda ya kwatanta mana, akwai wani ƙaton turmin icce a tsakar gida, da taɓarya mai kauri a tsaye a cikinsa, an haɗa ta da wani dogon itace da ake ɗaura wa sa a wuya. A rufe wa san ido ya yi ta zagaye tun safe, riɗi na niƙuwa, mai na ɗiga cikin tukunya. Da inji ya shigo garinsu sana'ar ta mutu a tsaye. Uban ya rasu, wansa ya koma aikin bulo, shi kuma ya biyo wani mai sayar da yadi zuwa Guangzhou yana yi masa girki. Bayan shekara uku mai yadin ya tattara ya koma Dubai. Sudam ya tsaya, domin ya baro mata da 'ya ɗaya da tsohuwa, kuma abin da yake aikawa ne ke riƙe da gidan. Haka ya faɗo ofishin ɗaurin kaya na wata Basiniya, inda Baba Maidaji ke kawo mata 'yan kasuwar Maraɗi da Yamai.

Tsohuwar tasa, wadda yake kira Bou, ita ta ƙi yarda a sayar da turmin. Sau ɗaya a shekara, bayan an yanke riɗi, takan aro san maƙwabta ta matse abin da zai ishi gida, ta cika gorar ruwa biyu, ta ɗaure bakinsu da tsumma da leda, ta ba duk wanda ta ji zai zo Sin. Man fari ne, ɗan ja-ja kaɗan, ƙamshinsa ba ya hawa kai. Sudam yana ajiye gorar a aljihun teburin da yake zuba salatif, kuma ko ita lawban, mai ofishin, ba ta buɗe wannan aljihun.

Wata rana muna shan shayi Abdulgani ya ce, "Wai ku da man nan, sha kuke yi ko wanka?"

Sudam ya ce, "Duka. Ran da anka haihe ni, da shi Bou ta murje ni cikin rana, kullum sahe, har na yi tahiya. Ran aurena mata sunka taru sunka shahe ni da shi da kurkum, na koma rawaya, kwana uku ban wanku ba. Hitilar da Bou ke kunnawa in rana ta hwaɗi, shi ne ciki. Kunne ya yi ciwo, ɗigo biyu. Ƙahwa ta yi kaushi, shi ne."

"To saura me? Sai ranar mutuwa."

"Ran mutuwa ɗai ne babu."

Muka yi dariya, aka wuce zuwa hirar farashin kwantena. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake nufi.

Baba Maidaji kuwa dogon dattijo ne, ya haura sittin da biyar, ya yi shekara ashirin yana hawa da sauka a kasuwar Baima da kasuwannin takalma, baƙi na biye da shi. Benayen nan sun cinye masa gwiwoyi. Lokacin da na san shi a kan kujera yake salla, kuma abin yana cin ransa fiye da ciwon. Ya sha maganin Sinawa mai ɗaci, an caccaka masa allurai har ya zama kamar bushiya, babu sauƙi. Wata la'asar Sudam ya gama kallon yadda yake ɗingishi, ya ɗauko ludayin ƙarfe, ya zuba mai, ya jefa tafarnuwa biyu, ya ɗumama a kan tukunyar shayi, ya durƙusa ya ce, "Baba, naɗe wando."

Maidaji ya ce, "Kai yaro, ni za ka soya?"

Ya naɗe dai. Daga ranar ya zama ƙa'ida, kullum bayan la'asar. Ni ba likita ba ne, ban san ko man ne, ko hannun ne, ko lokacin sauƙi ne ya zo daga Allah. Abin da na gani da idona shi ne, wata huɗu bayan haka Maidaji ya ture kujera gefe ya kai goshinsa ƙasa. Ya daɗe a sujadar nan har muka fara kallon juna.

Tun daga nan shi da Bou suka ƙulla zumunci ta waya. Ran Lahadi Sudam yakan kira gida da hoto, ya miƙa wa Maidaji. Wata 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, babu haƙori ko ɗaya a sama. Ita tana zuba yarensu, shi yana zuba Hausa, babu mai jiran tafinta. Ta nuna gwiwarta, ta nuna yadda za a murza daga ƙasa zuwa sama, ta ɗaga yatsa tana yi wa ɗanta faɗa. Maidaji ya ce, "Gaskiyarki, Inna, ni ma na hwaɗa mishi, sauri yake yi." Ya taɓa aika mata turmin atamfa. Ta yafa shi a kan kayanta ta fito a waya tana juyi.

Sai korona ta zo aka rufe hanya. Xiaobei ta zama kufai. Mu da muka rage ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, masu takardar zama da waɗanda suka rasa jirgi. Babu mai zuwa daga Indiya, saboda haka babu gora. A shekara ta biyu muka lura ƙyallin kan Sudam ya ragu. Ɗigo biyu yake sa wa tafinsa da safe, sauran na gwiwar Baba ne. Maidaji ya ce a bari, a riƙa yi da man shafawa na kanti. Sudam ya ce Bou za ta tambaya.

Wata Litinin da damina ya shigo ofis kansa a bushe ƙurmus. Gashin da muka sani a kwance ya miƙe tsaye, ashe har furfura ce a ciki. Bai yi aski ba, silifa ce a ƙafarsa. Na miƙa masa hannu, ya haɗa tafukansa a ƙirji ya ja baya. Da la'asar Maidaji ya idar da salla ya naɗe wando kamar kullum, ya zauna yana jira. Sudam ya ce, "Baba, yau a'a," bai ko ɗago ba. Talata ma haka. Ran Laraba Maidaji bai naɗe wandon ba.

Ga kuma abinci. Hajiya Habsatou, 'yar Maraɗin da ke dafa mana tuwo a gidanta a bayan benen, ta saba zuba wa Sudam shinkafa da miyar da ba ta sa wa nama ba. A makon nan kwanon yana komawa yadda ya zo. Da azahar sai mu gan shi a kan matattakala da 'yar tukunyarsa, yana cin farar shinkafa da dafaffen dankali, babu mai babu yaji, sau ɗaya a wuni.

Ran Juma'a bayan masallaci muka zauna a kan maganar. Maidaji ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ya gaji ne. Shekara huɗu mutum na durƙusa ma tsoho, ai ya yi ƙoƙari." Hajiya ta ce ko kuɗi ne suka yanke masa, yana jin nauyin ci bai biya ba, alhali ita ba ta taɓa tambayarsa ba. Abdulgani ya ce, "Ku duk kun yi nisa. Mai ne ya ƙare. Mutumin nan in ba shi da mai kamar mota ce, ba ya tashi. Kunya ce ta hana shi faɗa wa Baba. Ku bar ni da shi." Kowa ya ga hankali a maganar, domin duk mun ga gorar ta kusa ƙasa.

Abdulgani ya shiga babban kanti ya nuna wa mai jiran kaya hoton riɗi a waya. Da farko ta ce meyo, wato babu, sai da ya nace ta kai shi wurin kayan miya. Ya dawo da kwalba mai lita guda. Man riɗin Sinawa ne, wanda ake soya riɗin har ya yi duhu kafin a matse, ana ɗiga shi a taliya. Baƙi-baƙi ne kamar zuma, kuma in aka buɗe shi a hawa na shida, na hawa na biyu zai ji yunwa. Mu a wurinmu man riɗi man riɗi ne.

Da an miƙa masa kwalbar a hannu, da abin ya tsaya nan. Amma Abdulgani ya ce kyauta irin wannan sai da biki, kamun ango za a yi masa. Ran Asabar da hantsi Sudam na sunkuye a kan wani kwalin takalma, Abdulgani ya lallaɓo ta baya, ya cika tafinsa, ya kifa masa a tsakar ka, ya shiga murzawa da hannu biyu yana cewa, "An kama ango! An kama ango!" Hajiya da ta kawo abinci ta rangaɗa guɗa. Muka sa tafi. Har lawban ta leƙo tana dariya.

Sudam bai motsa ba. Salatif ɗin na lilo a hannunsa, man na gangarowa ta goshinsa yana shiga ido, bai share ba. Tafin ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya juya, ba Abdulgani ya duba ba, Maidaji ya duba.

"Baba, Bou ta rasu. Yau kwana shidda."

Maidaji ya yi salati, ya nemi kujera da hannu kamar makaho. Abdulgani ya tsaya da tafukansa a buɗe suna ɗiga, ya rasa inda zai kai su.

A kan matattakala Sudam ya yi mana bayani daga baya, tawul a wuyansa. Ya ce a garinsu in uwa ko uba ya mutu, 'ya'ya sukan yi kwana goma ba sa taɓa mai, ba a ka ba, ba a jiki ba, ba a tukunya ba. Ba aski, ba takalmin ado, ba gaisawa da hannu. Ran na goma a je bakin tafki a yi aski a yi wanka, sannan babba a gida ya shafa wa kowa mai da kurkum, a koma cikin mutane. Ya ce bai ga gawarta ba, bai ɗauki makararta ba, ko ruwa bai ba ta ba da tana jinya. Kwana goman nan kaɗai ne abin da zai iya yi mata daga nan.

Maidaji ya ce, "To don mi ba ka hwaɗi ba? Mu dabbobi ne?"

"In na hwaɗi, Baba, kuna tahowa ku kama hannuna. Hajiya ta kawo abinci da mai. Na san ku. Ni kuma ban iya ce muku a'a. Wadda na ce maka ran Litinin ma ban yi kwana ba."

Gaskiyarsa. Abin da za mu yi ke nan, har da ƙari.

Ya wanke kan da sabulu, ya wanke da omo, ya wanke da ruwan wanke kwanuka. Soyayyen man nan ya ƙi fita. Mutum yana makokin uwarsa, in ya wuce ka sai ka ji kamar an wuce da kwanon taliya. Abin dariya ne, amma ko Abdulgani bai yi ba.

Da yamma ya kira wansa ya faɗa masa abin da ya faru. Ba mu jin yaren, amma mun ji muryar da ke fitowa daga wayar, kuma mun ga yadda Sudam ke ƙanƙancewa. Da aka kashe, sai da Maidaji ya matsa masa sannan ya fassara. Wan ya ce malaminsu zai ce babu laifi tunda ba da sani ba ne, ya yi wanka ya ci gaba. Amma ya ƙara da nasa. Ya ce shekara goma sha ɗaya shi ke ɗauke da tsohuwa, shi ke kai ta asibiti a kan keke, shi kuma Sudam kwana goma kacal aka nema a wurinsa ya kasa kai su.

Sudam ya ce, "Gobe ina hwarawa daga ɗaya."

Muka ce ai an ce babu laifi. Ya ce ya ji. Ya ce su can za su yi nasu ran Laraba a bakin tafki, zai kalla a waya, amma nasa goman sai ya cika su cif, babu ɗigo. Ba al'adarsu ce ta ce ya sake ba, shi ya ɗora wa kansa, kuma babu wanda ya iya sauke masa.

Hajiya Habsatou ta ce to ita za ta riƙa dafa masa, ba zai ƙara cin abinci a matattakala kamar maraya ba, sannan ta tuna marayan ne, ta rufe baki da mayafi. Ta sayi sabuwar tukunya. Wahalar da ta sha a kwanakin nan Allah kaɗai ya sani, domin mace ce da hannunta ba ya wuce tukunya bai tsiyaya wani abu ba. Takan tsaya a kan shinkafar tana cewa, "Wanga abinci ko a lopital ba a ba majinyaci shi." Ta ɗaure galan ɗin man gyaɗarta a cikin buhu don kada ta manta. Abdulgani kuwa ya daina tsokanar kowa. Kullum da safe yana ofis kafin Sudam, ya jera masa kwalaye, ya ɗauke masu nauyin. Ba su yi maganar ba ko sau ɗaya. Ni na fi son Abdulgani mai surutu, wannan na biyun tausayi yake ba ni.

Ran na shida na sabon lissafi Maidaji ya ce, "To ran goma, da wane mai? Ɗauko gorar mu gani."

Sudam ya jawo aljihun tebur ya fito da ita. Babu komai sai danshi a jikin roba. Ashe Abdulgani bai yi kuskure duka ba. Ran Lahadin da ta gabaci rasuwar, Sudam ya kifa gorar a kan ludayi ya tatse ta tas, ya murza wa Baba.

Maidaji ya dubi gwiwoyinsa ya daɗe. Ya ce, "Wato na ƙarshen yana nan." Ya dafa su da hannu biyu. Sannan ya tashi ya buɗe kabad ɗinsa ya jawo wani ƙullin buhu. Farin riɗin Maraɗi ne, tiya biyu, samfurin da yake nuna wa Sinawa masu saye kafin a rufe hanya. Ya ce, "Habsatou, kin iya hidda mai?"

"Ni da na tashi gidan ƙuli? Kawo in soya."

Sudam ya ce, "Hajiya, ba a soyawa."

"Ɗanye? Ai ba ya ba da mai, ɗana."

"Yana badawa. Kaɗan-kaɗan. Shi ya sa sa ke wuni yana zagaye."

Sa dai babu shi a Xiaobei. Abin da ke akwai ɗan turmin dakan yajin da Hajiya ta zo da shi daga gida, da Abdulgani. Ta wanke turmin sau uku, ta shanya riɗin a taga duk lokacin da ruwa ya ɗauke, Abdulgani ya zauna ya yi ta daka. Matar da ke ƙasansu ta hau sau biyu tana nuna silin ɗinta tana faɗa, aka ba ta haƙuri da shiye-shiye, wato an gode, aka shimfiɗa bargo a ƙarƙashin turmin. In ya yi laushi Hajiya ta yayyafa ruwan zafi, ta murza, ta ƙulle a farin ƙyalle, su kama su biyu su murɗa. Kwana uku suna wannan. Abin da ya fito bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Hajiya ta ɗaga shi a haske ta ce da soyawa aka yi da an sami kwalba, amma fari ne, ɗan ja-ja kaɗan.

Ni ne na ja Maidaji gefe na ce, "Baba, abin nan fa da addininsu a ciki. Kada mu shiga abin da ba mu sani ba."

Ya ce, "Alhaji, ni ba tsahi za ni yi ba, ba kuma bin shi salla za ni yi ba. Abin da zai karanta shi ya sani. Shekara huɗu yaron ga na shahwa mini mai ina kai goshi ƙasa, bai taɓa tambayata wa nake ma sujada ba. Yau ya rasa babba da zai sa mishi mai a kai. In akwai wanda ya girme ni a benen ga, kira shi."

Babu.

Ran na goma da hantsi muka hau rufin gidan su Hajiya, inda ake shanya. Tafki dai babu, sai bokiti biyu. Abdulgani ya zo da injin askinsa ya tsaya daga nesa, sai da Sudam ya yafito shi. Ya zauna a kan kwali, Abdulgani ya sauke gashin nan duka, da gemun kwana goma sha shida, da gashin bakin tsohon ɗan sanda. Sauran ƙamshin taliya ya bi gashin ya faɗi ƙasa. Sudam ya koma bayan zannuwan shanya ya yi wankansa, ya yi 'yan maganganunsa da yarensu, mu muna kallon jiragen ƙasa ta ɗaya gefen. Ya fito da sabuwar farar riga.

Kafin a taɓa man ya karɓi kofin, ya juye shi a cikin tsohuwar gorar Bou, ya rufe, ya girgiza sosai, ya jujjuya ta har man ya bi ko'ina a jikin robar. Sannan ya miƙa wa Maidaji tare da ɗan ƙullin kurkum, ya durƙusa.

Maidaji ya ce bismilla, don bakinsa bai san wata hanyar fara abu ba. Ya zuba a tafi, ya ɗora a kan ƙwaryar kan nan, ya murza a hankali daga goshi zuwa ƙeya. Sudam ya dangwali kaɗan ya kai hanci.

Hajiya ta ce, "Ya yi?"

Ya ce, "Ya kusa."

Sai a nan ya yi kuka, wanda bai yi ba ran da aka kira shi, bai yi ba ran kamun ango. Ya kifa kansa mai maiƙo a gwiwar Maidaji, ya ɓata masa farin wando da kurkum. Maidaji bai janye ba. Yana cewa, "Yi haƙuri, ɗana. Ta yi aikinta." Da Sudam ya tashi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ba mu hannu, Abdulgani ne na farko. Hajiya ta sauka ta hau da shinkafa da miyar da ta rama duk man kwana goman nan a cikinta.

Da aka buɗe hanya Sudam ya je gida wata biyu. Ya tarar wansa ya sayar da turmin, wani mai otal ya saya ya dasa fure a ciki. Ya dawo, domin 'yarsa ta shiga makarantar koyon jinya. Gashinsa ya tsiro ya kwanta kamar da, sai dai yanzu man kanti yake sayowa daga shagon Indiyawa, kuma a tsohuwar gorar yake juye shi. Maidaji kuwa 'ya'yansa suka matsa ya koma Maraɗi ya huta. Ran Lahadi shi Sudam ke kira, ya sa a ba ƙaramar matar Baba waya ya nuna mata yadda ake murzawa, daga ƙasa zuwa sama, yana ɗaga mata yatsa.

Bara, wata Talata da la'asar, saƙo ya shigo wayoyinmu cewa Allah ya yi wa Baba Maidaji rasuwa, an kai shi da safe. Muka taru a gidan Hajiya muka yi masa addu'a. Sudam ya zo ya zauna a bakin ƙofa har aka shafa, ya tashi ya koma kan kwalayensa.

Ran Laraba ya shigo ofis da silifa, kansa a bushe ƙurmus.

Wani baƙo ɗan Yamai ya miƙa masa hannu, Abdulgani ya tare hannun ya gaisa da shi a madadinsa, ya ja shi gefe. Na taɓa jin Sudam da bakinsa yana cewa wannan kwana goman na jini ne kawai, ba a yi wa aboki ko maƙwabci. Babu wanda ya tuna masa. Hajiya ta aiko a tambaya ko sabuwar tukunyar nan tana ofis ko tana wurinta.

Da na fito zan sauka na tarar da Abdulgani a bakin lif, waya a kunne, yana magana da wani ɗan Gumel da zai taso ran Asabar.

"Riɗi kwano biyu, fari. A'a, ba na sayarwa ba ne. Ka sa shi a jakar hannu. Ɗanye fa, Malam, ka ji ko? Kada a soya."